Fayil na buɗe, sikirif na son rubutu a kansa: ina mafita?

Mai Sito: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara a kan abin da ya hana ni sukuni tun ranar Juma'a. Ni ke kula da kwamfutocin wani siton hatsi a kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram, gero da dawa da wake. Ƙofofi uku ne a jere, kowace da mai sayarwa da fayil ɗinsa na Excel, duka a cikin dosiye ɗaya da kwamfutoci huɗu ke gani ta rezon biro. Bara na rubuta ɗan sikirif, wato ƙaramin shirin kwamfuta, da yaren Python. Kullum ƙarfe shida na yamma yana tattara cinikin ƙofofin nan uku ya zuba a Jimilla.xlsx, sannan ya kwafe dosiyen gaba ɗaya zuwa diski na waje. Wata goma yana tafiya lami lafiya.

Ranar Alhamis, da yake ranar kasuwa ce, kwantabul ɗinmu ta zauna har bayan Magariba, Jimilla na buɗe a gabanta. Sikirif ya zo bai iya rubutu ba, kuma bai ce uffan ba. Da safe Alhaji ya duba ya ga buhu 40 na wake, ya yi wa wani mai saye daga Magarya alkawari ta waya. Mutumin ya ɗauko mota ya zo, ashe waken ya ƙare tun jiya. Na tsaya a gaban Alhaji na rasa bakin magana. Tambayata: ta yaya sikirif zai gane fayil na buɗe a hannun wani kafin ya kwafe shi ko ya rubuta a kansa?

Autan Garin Malam: Wa alaikumus salam yaya. Abu mai sauƙi ne. Duk lokacin da aka buɗe fayil, Excel yana ajiye wani ƙaramin ɓoyayyen fayil a gefensa, sunansu ɗaya sai dai an sa ~$ a gaba. Naka zai zama ~$Jimilla.xlsx. Ka sa sikirif ya duba: in yana nan, ya dakata. In ka buɗe shi da Bloc-notes ma za ka ga sunan wanda ke ciki.

Ɗan Birni: Auta, maganarka gaskiya ce amma rabinta ka faɗa. Wannan ɗan fayil ɗin Excel ne ke goge shi idan an rufe aiki cikin tsari. To a garin nan sau nawa ake rufewa cikin tsari a watan Afrilu? Kuran ya ɗauke, ondilar ta yi ƙara sau biyu ta mutu, kwamfuta ta yi ɗif. Ɗan fayil ɗin ya zauna a dosiye kamar takalmin da baƙo ya manta a zaure, mai shi ya daɗe da tafiya. Ni da kaina na bi wannan hanya a wani biro da na yi wa aiki. Kwana tara sikirif yana ganin ~$ yana komawa, kwana tara babu kwafin ajiya ko ɗaya, ban sani ba sai da aka nemi fayil ɗin makon jiya.

Batun suna kuma, sunan da aka rubuta wa Office ne lokacin da aka saka shi. In mai gyara ɗaya ne ya shirya kwamfutocin, sai ka tarar duka huɗun suna amsa Admin ko HP.

Autan Garin Malam: Na gode yaya, ban taɓa kawo wannan a raina ba. To in ya tarar da shi ya goge kawai?

Ɗan Birni: A'a. In mai shi yana ciki da gaske fa?

Malam Injiniya: Salamu alaikum. Ku daina tambayar takalmin da ke zaure, ku taɓa ƙofar ɗakin ku ji. Idan Excel ya buɗe fayil don gyara, yana gaya wa Windows cewa kowa zai iya karantawa amma kada a bar wani ya rubuta. Wannan makullin a hannun Windows yake, kuma yana sakewa da zarar shirin ya mutu. In ta rezo ne yakan ɗan jima kafin kwamfutar da dosiyen ke kanta ta lura ɗayar ta tafi, amma ba ya kwana tara. Saboda haka sikirif ya gwada buɗe fayil ɗin da niyyar rubutu, ba tare da ya rubuta komai ba:

```
def a_bude_yake(hanya):
    try:
        f = open(hanya, "r+b")
        f.close()
        return False
    except PermissionError:
        return True
```

Ku kula da "r+b". Kada wani ya sa "w" a wurin, domin "w" yana share abin da ke cikin fayil tun a lokacin buɗewa, ku wayi gari da fayil mai sifili. Masu aiki da makro a cikin Excel su ma haka suke yi, kuskure mai lamba 70 ne ke gaya musu an hana. A Windows kansa lambar ita ce 32, wato saƙon nan da kowa ya sani: "ce fichier est utilisé par un autre processus".

Yanzu Auta, haɗa biyun. In akwai ~$ kuma ƙofa ta ƙi buɗewa, mutum na ciki. In akwai ~$ amma ƙofa ta buɗe, tsohon takalmi ne.

Abu ɗaya kuma: PermissionError ba ya nufin buɗewa kaɗai. Fayil da aka sa wa alamar karantawa kawai, ko dosiyen da ba ka da izini a kansa, su ma shi za su ba ka.

Sarkin Gaggawa: Duk wannan dogon turanci ne. Ƙarfe shida ta yi, sikirif ya kashe Excel da taskkill /F, ya yi aikinsa. Wanda bai adana ba gobe zai koya.

Hajiya Kwantabul: Ɗana, Allah ya shirye ka. Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki. Ka taɓa zama da rasit ɗari da wani abu a gabanka, rabinsu da rubutun da sai ka kanga a fitila, ka kai na tamanin, sannan allo ya ɓace? Wadda ta zauna har bayan Magariba ranar kasuwa ba wasa ta tsaya yi ba, ƴaƴanta na gida suna jiran tuwo. Ita ce za a hukunta don ta yi aiki? Excel yana ɗan ajiye abin ceto duk minti goma in ba a taɓa saitinsa ba, amma ba kullum yake dawo da komai ba, kuma ko minti goman nan guminta ne. Duk wanda ya sa wannan a biro na, ranar zai cire shi.

Malam Injiniya: Hajiya ta gama magana. Ƙari a kai, taskkill ɗin da ka rubuta kwamfutar da yake kanta kaɗai zai taɓa. Fayil ɗin a wata kwamfutar aka buɗe shi.

Sarkin Gaggawa: Na janye, Hajiya. A yi mini afuwa.

Malam Injiniya: Mai Sito, abin da ya fi damuna a labarinka shi ne "bai ce uffan ba". Python ba ya yin shiru da kansa. In openpyxl, kayan aikin Python na karantawa da rubuta fayilolin Excel, ya zo adanawa ya tarar da makulli, sai ya yi ihu da Errno 13. Turo mana wurin adanawar mu gani.

Mai Sito: Ga shi, Malam.

```
try:
    littafi.save(jimilla)
except:
    pass
```

Na sa shi ne tun farko don wani kuskure da ke tsayar da sikirif kafin ya kai ga kwafi. Na ga ya daina tsayawa, na ɗauka an warke.

Malam Injiniya: To ga buhu 40 ɗinka nan a layi biyun ƙarshe. Windows ya yi aikinsa, ya kare fayil ɗin baiwar Allah. Python ya yi nasa, ya kawo ƙara. Kai ne ka toshe masa baki. Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba, ƙanena, yawancinmu mun taɓa rubuta wannan.

Kuma bari in rage wa aikin da na turo ɗazu daraja da kaina. Dubawa daban, rubutawa daban, kuma akwai tazara a tsakaninsu. Sikirif ya duba shida daidai ya ga babu kowa, ya ɗauki daƙiƙa ashirin yana tattara lissafi, a cikin ashirin ɗin nan wani ya danna fayil. Amsar da ka samu ta tsufa kafin ka yi amfani da ita. Don haka dubawa tana da amfani wajen sanar da mutane da wuri, amma ba ita ce kariya ba. Kariya ita ce yadda ka yi rubutun. Ka adana sabon lissafi da wani suna a cikin dosiyen nan dai, misali Jimilla_sabo.xlsx. In ya kammala lafiya, sai ka kira os.replace ya maye gurbin tsohon. In akwai mai riƙe da tsohon, os.replace zai ƙi, tsohon na nan bai ji ciwo ba, sabon ma na nan a gefe. Ka jira minti biyar ka sake gwadawa, kamar sau shida. In har ya ƙi, ka rubuta a rajista da kwanan wata da lokaci, ka kuma bar shaida a inda ido zai gani.

Excel kansa kusan haka yake adanawa: yana rubuta littafin duka a wani fayil na wucin gadi mai baƙon suna, ya kawar da na asali, ya ba sabon sunansa.

Ɗan Birni: Shaidar nan ita ce magana. Rajistar da ba mai buɗewa ba ta da bambanci da pass. Ni abin da nake yi, a saman shafin farko, layi na ɗaya, da manyan baƙaƙe ja: "Lissafin nan na ranar kaza ne, ƙarfe kaza." Da Alhaji ya ga Laraba a sama alhali yau Juma'a, da bai ɗaga waya ba.

Ɗiyar Zango: Sannunku da ƙoƙari. Yaya Mai Sito, duka huɗun Excel ne? Na tambaya ne don a wurinmu biyu LibreOffice suke da shi. Shi nasa ɗan fayil ɗin daban ne, .~lock.Jimilla.xlsx# yake rubutawa, da ɗigo a gaba da # a baya, kuma a ciki akwai sunan kwamfuta da lokacin da aka buɗe. Wanda ke neman ~$ kaɗai ba zai gan shi ba.

Sannan aikin Malam na taɓa ƙofa, a Windows yake da ƙarfi. A Linux, in fayil ɗin yana kan diskin na'urar, makullin na mutunci ne: wanda ya tambaya a gaya masa akwai mutum, wanda bai tambaya ba ya shige abinsa. open zai yi nasara ko da mutum na tsakiyar aiki. A can sai a haɗa da umarnin lsof ko fuser, masu nuna shirin da ke riƙe da fayil, in kuma Samba, manhajar raba dosiye a rezo, ce ke raba dosiyen, smbstatus -L yana jero fayilolin da ke riƙe.

Mai Sito: Uku Excel, ɗaya LibreOffice, ta ƙofar gero. Duka Windows ne. Wallahi ban san da wannan ba, ƙanwata.

Malam Injiniya: Madalla da wannan gyara. A Windows ma, a kwamfutar da dosiyen ke zaune, Get-SmbOpenFile a PowerShell zai nuna wa ke riƙe da me, in ka buɗe shi da izinin mai gudanarwa. Ya fi sunan Admin ɗin da Ɗan Birni ya ambata, don yana nuna adireshin kwamfutar.

Hajiya Kwantabul: Ku ƴan na'ura kun yi nisa, ni kuma tambaya ɗaya ke cina tun ɗazu ba wanda ya yi ta. Ɗana Mai Sito, ka ce sikirif ne ke cika Jimilla. To me kwantabul take yi a cikinsa har awa biyu? Mai karatu kawai ba ya daɗewa haka. Rubutu take yi. Me take rubutawa, kuma ina yake yanzu?

Mai Sito: Hajiya, kin taɓo inda ban so a taɓa ba. Na je na same ta bayan na ga tambayarki. Tun ranar Alhamis ɗin ta buɗe sabon shafi a cikin Jimilla ta sa masa suna Bashi, tana shigar da waɗanda suka ɗauki kaya ba su biya ba, mutum 31, don Alhaji ya riƙa ganin komai wuri ɗaya. Ta adana, ta rufe, ta tafi gida. Ranar Juma'a ƙarfe shida fayil na rufe, sikirif ya samu hanya, ya ƙera Jimilla sabo fil daga farko kamar yadda ya saba. Shafin Bashi ya tafi. Na ce bari in ɗauko a diski na waje, sai na tuna kwafin yana biyo bayan rubutun, kuma suna ɗaya yake dannewa kullum. Can ma babu.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗauka ita ce ta yi kuskure. Ranar Asabar ta zauna da kaye ɗinta na takarda ta sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya a wani fayil a kan kile ɗinta. Da take ba ni labari tana ba ni haƙuri, ni da ya kamata in ba ta.

Hajiya Kwantabul: Allah sarki. Ka ga abin da nake gudu. Ranar da fayil ke buɗe, makulli ya tsare mata aikinta. Ranar da ta rufe shi yadda ake so, ranar aka cinye shi. Da ka zo nan ka karɓi maganin gane buɗaɗɗen fayil ka tafi, da ranar wata Juma'ar an sake. Ni ban iya Python ba, amma na san ba a haɗa tukunya ɗaya da mai dafa nasa da mai wanke ta kullum ƙarfe shida. Fayil ɗin da mutum ke rubutu a ciki, na'ura ta karanta kawai. Wanda na'ura ke rubutawa, mutum ya karanta kawai. Ka ba ta Bashi.xlsx nata, in Alhaji na son gani wuri ɗaya, sikirif ya ɗebo daga can ya nuna. Kuma ka je ka gaya wa Alhaji da bakinka cewa ba laifinta ba ne.

Autan Garin Malam: Ba za a iya sa sikirif ya buɗe Jimilla ɗin da ke nan, ya gyara shafinsa kaɗai ya bar nata ba? openpyxl na da load_workbook.

Malam Injiniya: Ana iyawa, Auta, amma ban ba da shawara ba. openpyxl ba ya karanta duk abin da ke cikin littafin Excel, abin da bai karanta ba kuma ba ya mayarwa in ya adana. Zane-zanen da aka saka a shafi kan ɓace, makro ma sai ka roƙe shi ya bar su. Hanyar Hajiya ta fi tsafta. Har ma zan ƙara: bayan os.replace, sikirif ya sa wa Jimilla alamar karantawa kawai, ya cire ta in zai sauya gobe. Wanda ya buɗe shi Excel zai nuna masa "Lecture seule" a sama, ba zai iya adanawa a kansa ba. Sai dai ka tuna abin da na faɗa, alamar nan ita ma PermissionError take bayarwa, don haka a cire ta kafin a gwada.

Ɗan Birni: Mu dawo kan kwafi, don rabin tambayar ke nan. Kwafe fayil ɗin da ke buɗe a Excel yawanci yana yiwuwa, tunda an bar ƙofar karatu. Amma abin da ka ɗauka shi ne abin da aka adana na ƙarshe. In mai ƙofar wake bai danna adanawa ba tun Azahar, cinikin La'asar yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutarsa, ba ya kan diski. Wannan ya shafi Jimilla ma, tunda daga fayilolinsu kake tattarawa. A nan aikin Malam na dubawa yake da rana: in ƙofar wake na buɗe, ka tattara, amma ka rubuta a saman nan ja cewa fayil ɗin wake yana buɗe, an adana shi na ƙarshe ƙarfe kaza.

Kwafin kuma ya riga rubutu, ba ya bi bayansa ba. Kowace rana da dosiyenta mai kwanan wata, kamar 2025-04-17, shekara a gaba don su jeru da kansu. Fayilolin nan ƙanana ne, na wata uku ba za su cika ko kile ba.

In da robocopy, umarnin kwafi na Windows, za ka yi, ka kiyaye abu uku da suka taɓa cizona. In ba ka gaya masa ba, fayil ɗin da ya ƙi kwafuwa zai sake gwada shi sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani, wato ya tsaya nan har abada. Ka sa /R:3 /W:10. Ka cire ƴan makullan da /XF "~$*" ".~lock.*" kada ka kwashi tsofaffin takalma zuwa ajiya. Lambar da yake fita da ita kuma, 1 na nufin ya kwafa lafiya, matsala daga 8 take farawa. /MIR kuwa ka nisance shi a nan, abin da ya ɓace a biro zai ɓatar da shi a diski.

Ɗiyar Zango: Ƙari kaɗan: xlsx a cikinsa zip ne, tun Office 2007. Bayan kwafi ina sa zipfile ya buɗe shi ya yi testzip. In kuran ya yanke ana tsakiyar kwafi, a nan ake kama guntun fayil. Tsohon xls ba zip ba ne, kada a gwada shi da wannan.

Kawun Mirya: Ni dai ina ta karatu. Me ya hana ku koma Google Sheets ku huta da makulli gaba ɗaya? Mutum goma na rubutu lokaci guda, kuma yana riƙe tarihin gyara.

Mai Sito: Kawu, na yi tunaninsa. Ranar kasuwa in intanet ya yi nauyi, ga layin mutane da amalanke a ƙofa, mai sayarwa ba zai tsaya jiran shafi ya buɗe ba. Ga kuɗin megas na kwamfuta huɗu kowane wata, Alhaji sai ya tambayi dalili. Rezon biro ko babu intanet yana aiki.

Kawun Mirya: Na fahimta. Amma ko kwafin dare ɗaya ka riƙa turawa waje. Diskin da ke kan tebur ɗaya da kwamfuta, abin da ya ci ta zai ci shi.

Mai Sito: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana shida. Na cire pass. Kwafi ya koma gaba, da kwanan wata. Kwantabul ta samu Bashi.xlsx nata, mun kwaso mutum 31 ɗin daga kile, sikirif na karantawa kawai. Jimilla na fita ta os.replace da jan layi a sama. Na kuma gaya wa Alhaji yadda abin ya faru a gabanta.

Jiya Alhamis aka gwada shi da gaske. Ƙarfe shida saura kwata kuran ya ɗauke, muka tada gurup, na tarar da ~$ na ƙofar dawa a zaune, sikirif ya taɓa ƙofa ya ga ba kowa ya wuce. Amma mai ƙofar wake ya bar nasa a buɗe ya tafi masallaci, adanawarsa ta ƙarshe ƙarfe huɗu da minti goma. Jan layi ya faɗi haka, Alhaji ya gani da safe ya kira shi kafin ya kira kowa.

Abin da ya rage mini: shida ta yi wuri ranar kasuwa. In na mayar da shi tara na dare, an kashe kwamfutar da dosiyen ke kanta. Malam, mai tsara ayyuka na Windows zai iya tada shi da safe in lokacin ya wuce tana kashe?

Malam Injiniya: Zai iya. A saitin aikin akwai akwatin da ke cewa a gudanar da shi da zarar an samu dama in lokacinsa ya wuce, ka sa masa alama. Sai dai ba ya tashi nan take, yakan ɗan jinkirta bayan an kunna, kuma kwanan watan da zai rubuta na safiyar ne, ba na cinikin ba. Ka gyara wannan a jan layin. Wa ke fara kunna kwamfutar da safe, kai ko Alhaji?

Mai Sito: Alhaji. Daga sallar Asuba yake wucewa sito.

Hajiya Kwantabul: To ka bar na shida yadda yake, ka ƙara na safe a kansa. Masu ƙofofi kuma a gaya musu su adana kafin su fita salla, wannan ba sai da Python ba. Ka gaishe mini da kwantabul ɗinku.